Ranar da Aka Kira Sunan 'Yar Farina

Bayan na fita takabar Malam, ɗana ya ɗauko ni zuwa Lembah Pantai, can a ƙasar waje, inda yake karatu. A hawa na sha huɗu muke zaune, ni da ban saba nisa da ƙasa ba.

'Yarsa shekararta goma sha uku. Sunan 'yar farina aka sa mata, wadda ta rasu. Sunan nan ban taɓa kama shi ba, tana raye da bayan ranta, saboda kunyar ɗan fari. A gida da laƙabi muke kiran yarinyar.

Wata likita ta ce a yi mata allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa. Ɗana ya ƙi, wai ɗalibai 'yan'uwansa suna ta yaɗawa a waya cewa tana hana haihuwa. Matarsa ta matsa a je a ji daga bakin likitar, aka tafi da ni.

Ɗakin jiran sanyi ƙalau, kowa shiru. Sai wata murya ta fito daga bango, babu mutum a wurin, ta kira sunan 'yata haɗe da na Malam, don a fasfon yarinyar sunan kakanta aka haɗa mata. Sau biyu ta kira. Na juya ina kallon ƙofa, ina jiran 'yata ta shigo da mayafinta.

Likitar 'yar ƙasar ce, mai ɗan hijabi. Tana magana, ɗana yana mayar mini da Hausa. Ta ce ciwon a ɓoye yake cin mace: jini ba lokacinsa ba, ciwon ƙugu, ruwa mai wari. Nan ɗana ya tsaya da fassarar.

Na ce, "Ƙarasa mana."

Bai ƙarasa ba. Na tuna zannuwan da 'yata take wankewa a bayan ɗaki, da turaren wutar da take kunnawa da rana tsaka. Sammu muka ce. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa mini ba. Haka muka yi ta jin kunyar juna har aka ɗauke ta.

Ɗana ya daure ya yi tambayarsa ta haihuwa. Likitar ta ce allurar ba ta hana haihuwa. Ta juyo wani hoto da ke kan teburinta, ta ce 'yarta ce, ita ma an yi mata.

Ya dube ni, idonsa ja. "Inna, irin na Yaya ne, ko?"

"Allah ne masani. Sa hannu."

Ya sa. Kafin a tsira allurar, nas ta tambayi sunan yarinyar don ta tabbatar. Ɗana ya buɗe baki zai faɗa, na riga shi. Hawaye ya zubo mini. Yarinyar ta waiwayo a firgice, ta ce, "Na'am, Kaka."