Tallan Man Gyaɗar Inna

Gaisuwa ga manya da ƙanana, har da ku masu karantawa ku wuce ba ko sannu, duk na yafe muku.

Zamanin Nasara a lekol ɗin Magariya, wato makarantar boko, ni ke zana jaridar ɗalibai, don kaf ajin ba mai hannuna. Man gyaɗar innata ya yi kwantai, sai na sa mata talla a jaridar. Na zana kwalba, na tsoma yatsa a man, na dangwala ma kowace takarda.

Malaminmu Mushe ya shinshina, ya kira ni.

"Wa ya ɓata jarida da maiƙo?"

"Ni ne, Mushe. Iyayenmu ba su karanta Faransanci, amma kowa na da hanci."

"Ka ba da haƙuri gaban aji, ko ka bar jarida."

"To a ba wani alƙalamin."

Na sha bulala, aka cire ni. Amma yara sun kai takardun gida, ran kasuwa kafin azahar man ya ƙare, inna ta kife tulu. Matar Mushe ta aiko, ba ta samu ba.

Haƙurin nan har yau ban ba da shi ba. Ku faɗa min wa ke da gaskiya, kuma a aiko min kilishi, sauran haƙorana na nan da ƙarfinsu.