Lissafi a Kan Ɗanyen Bulo

Malam Ɗantani yana jingine da motarsa a Aljirif, unguwar masu bulo a gefen Khartoum, yana jiran a loda masa jan bulo, idonsa na kan wani saurayi a bakin kogi. Dogo ne siriri, ya naɗe jallabiyarsa a ƙugu, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. Duk ɗanyen bulon da ya juye daga akwatin katako, sai ya tsuguna ya ɗauki tsinke ya rubuta lissafi a kai, leɓɓansa na motsi, yana rangaji kamar mai tilawa. In ya yi kuskure, ya shafe da babban yatsa.

Ɗantani bai san sunansa ba, amma ya san wannan rangajin. Haka shi ma ya riƙa yi a Jazira, a taɓon magudanar gonar auduga, shekarar da ya yi shirin shahada, jarrabawar da ke kai mutum jami'a. Tsinkar auduga ta riga ta zuwa, bai zauna ba.

"Ɗana, ina littafinka?"

"Ya ƙone a yaƙi, Baffa," in ji saurayin, bai ko ɗago ba. "Jarrabawar shahada saura kwana tara."

Ɗantani ya dubi layin bulon da ke shan rana. Za a gasa su, a gina gidan wani a Omdurman. Nasa lissafin ruwa ya wanke tun shekara arba'in. Na wannan yaron, wuta ce za ta riƙe shi.