Kulocin Motar Surukina

Motar surukina tsohuwar wagon ce, wadda a da fara ce. Da ita yake jigilar fasinja da buhuna daga Kazaure zuwa kasuwannin Gwiwa da Roni da Babura, tun bayan da ya yi ritaya daga tuƙin motar ofis. Injinta ya tsufa har ya gaji da tsufa. In ta karyo kwanar layinmu, matata tana daga tsakar gida za ta ce, "Ga Baba nan," kuma ba ta taɓa yin kuskure ba. Hayaƙi kuwa sai ka ce ana ƙona bola.

'Ya'yansa maza da ke aiki a Kano da Kaduna suka haɗu suka sayo masa inji ɗan Kwatano, ni kuma da nake gari na tsaya a gareji har aka ɗaura. Da aka tayar, sai ka kasa kunne kafin ka san yana aiki. Baba ya zagaya motar, hannu goye a baya, ya ce, "Wannan ai ba ya magana." Muka yi dariya, shi bai yi ba.

Ba a jima ba ya dawo gareji ransa a ɓace. Giya ba ta shiga sai da gurnani, in kuma zai tashi daga tsaye sai motar ta yi tsalle ta mutu. Mai garejin babban mutum ne, har da furfura a gemu, amma a gaban Baba yaro ne. A motar Baba ya fara a matsayin yaron mota, Baba ne kuma ya nema masa aure. Har yau Maigida yake ce masa, kuma ba ya zama in Baba yana tsaye. Ya shiga rami ya sauke giyabos, wato akwatin giya, ya ce faifan kulocin tsohon inji ne bai zauna daidai a kan sabon ba. Gaskiya ya faɗa, ni ma da ban san komai ba na ga inda ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya sa sabon faifai da sabon boris ɗin da ke danna shi, muka ce an gama.

Ba a gama ba. Baba ya dawo. Aka ce iska ce ta shiga bututun mai, aka yi ta taka kuloci ana saki har aka fitar da ita. Ya sake dawowa, wannan karon da wani ƙauri mai hawa kai, irin na tsumman da ya kama wuta. Aka sauke giyabos, sai ga sabon faifan nan ya ƙone ƙurmus, kamar ya shekara ana hawa dutse da shi.

"Kai dai ka manta aikinka," in ji Baba, a gaban masu gyara da masu jiran gyara. "Ko kuwa jabu kake sa mini?"

Mai gareji ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Maigida. Za a sake dubawa."

Ni kaina na fara jin haushinsa. Ina da saurin fushi, ban kuma iya ɓoye shi ba. Da Baba ya tafi masallaci sai na tare mai garejin na ce, "Wai shin faifai nawa za ka ƙona kafin ka gane abin da ke damun motar nan?" Ya ci gaba da aikinsa. Da ya gama ɗaurawa ya miƙo mini makulli ya ce, "Malam, don Allah ja ta zuwa bakin dam ka dawo."

Na ja ta. Giya tana shiga kamar cokali a kunu. Ba gurnani, ba tsalle, ba ƙauri. Da na dawo ya leƙo ta taga, ya rage murya.

"Gobe ka zauna a gaba kusa da Maigida. Kada ka kalli titi. Ka kalli ƙafarsa ta hagu."

Washegari kasuwar Roni take ci, na ƙirƙiri uzuri na bi shi. Na kalli ƙafar, da ma ban kalla ba. In zai sauya giya sai ya ɗaga ta ya jefa inda yake zaton kuloci yake. Wani lokaci ta sauka daidai, wani lokaci ta kama gefe, ya danna rabi yana tsammanin ya kai ƙasa. In ya gama kuma ba ya ɗauke ta. Tana nan kwance a kan kuloci da nauyinta, mota tana gudu, faifai yana cin wuta, shi kuwa yana ta ba ni labarin farashin gero. A baya akwai mata da buhunan gyaɗa, da wata mai goyo tana barci, kanta a jikin gilashi. Hanyar nan ga hawa ga gangara, ga masu babur da ke fitowa daga gona ba sallama. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a cikin mota ba.

Mun san Baba yana da ciwon suga, ya daɗe da shi, yana shan magani in ya ga dama. Abin da ba mu sani ba shi ne ƙafar ta daina ji. Mai gareji ne ya warware mini sauran. Ya ce da kunne Baba yake tuƙa tsohon injin. Ko ƙafa ba ta gaya masa komai ba, kukan injin zai gaya masa ya danna sosai ko ya saki. Mun cire masa mai surutu mun sa masa shiru-shiru, yanzu ba ƙafa ba kunne.

"To ka gaya masa mana," na ce.

Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. "Ni? In dubi Maigida in ce masa ƙafarsa ta mutu? Wallahi gara ya yi ta zagina. Kai ka gaya masa."

Ni kuwa suruki ne. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kama sunansa, in mun gaisa idona yana ƙasa. Matata 'yar fari ce, tsakaninta da shi gaisuwa ce kawai, ko sunanta ba ya faɗa. Da na gaya mata sai ta zauna a bakin gado tana kuka, ta ce ta ina za ta fara. Uwarsu ta rasu da daɗewa. Na kira 'ya'yan maza a waya, babban ya kira Baba, Baba ya ce lafiyarsa ƙalau, makanike ne ba ya jin magana. Babban ya sake kirana ya ce in nemi wani garejin. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi da-na-sani.

Haka aka yi ta tafiya. Mai gareji ya sassauta kulocin yadda ko an taɓa shi kaɗan zai kama. Ya sa masa faffaɗar roba don ƙafa ta riƙa samunsa. Wani lokaci yakan riƙe motar ya ce ana jiran kaya daga Kano, alhali ba abin da ake jira, don dai ranar kasuwa ta wuce. Baba ya gane ana ja masa rai, ya ce in ba a ba shi motarsa ba zai kai ta wani wuri. Duk safiyar da na ji an ce ya fita da fasinja, ba na iya koyar da komai a aji. In waya ta yi ƙara a aljihuna sai in zaci labarin haɗari ne.

Sai na tuna da mutum ɗaya da ke iya faɗa wa Baba duk abin da ya ga dama. Taubashinsa ne, wani tsoho mai sayar da goro a Gwiwa, ɗan ƙanwar mahaifinsa. In sun haɗu ba abin da suke yi sai tsiya. Na hau babur na same shi a rumfarsa, na zayyana masa komai. Ya daina murmushi, ya ce, "Bar ni da shi."

Ya zo Kazaure ranar Juma'a, bayan an sauko. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta suka taru. Baba ya fara ƙorafin kuloci kamar kullum. Tsohon ya nuna shi da sanda.

"Kai, rufe mana baki. Motar lafiyarta ƙalau. Ƙafarka ce ta mutu tun tuni ba a yi mata jana'iza ba. Ka ajiye makulli kafin ka kashe bayin Allah."

Wuri ya kaure da dariya. Baba ya fi kowa dariya, har da share hawaye. Ya ce, "Ji bawa yana yi wa ubangidansa rashin kunya. Ƙafar nan ita za ta raka gawarka." Tsohon ya ce wallahi da gaske yake, aka ƙara fashewa. Ya waiwayo ya dube ni, na ga idonsa ya yi ja. Tun suna yara ba su taɓa gaya wa juna magana ta gaske ba, yau da ya faɗa babu mai karɓa. Ni dai ji na yi kamar in tashi in kife tiren shayin da ke gabansu.

Ranar kasuwar Babura na sake binsa. Na ce zan duba ɗan rago. Muka bi ta Achilafiya, mota cike, rana tana dukan rufi. Muka isa wajen azahar, ya sauke mutane a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi. Wani dillali ya ce ya ɗan matsa gaba, babbar mota za ta juya. Motar tana cikin giya. Baba ya jefa ƙafa, ya murɗa makulli.

Ta yi wani tsalle kamar an tsikare ta. A gabanmu akwai mata masu fura zaune a inuwar bango. Na ga ƙwarya ta tashi sama, na ji ihu, sai ƙarar ƙarfe. Wani turken ɗaure shanu ne ya tare mu. Tsakanin hancin motar da gwiwar wata tsohuwa bai fi kamu ɗaya ba. Nono yana bin ƙasa, tsohuwar tana ta salati, ta kasa ko tashi.

Baba ya buɗe ƙofa ya fito a fusace. Ya zagaya gaba yana ba matan haƙuri, yana cewa kuloci ne, an cuce shi a gareji, yau sai yaron nan ya gane kurensa. Mutane suka taru. Sai na lura hayaniyar tana raguwa, tana raguwa, har ta mutu. Babu mai kallon motar. Kowa ƙasa yake kallo.

Takalmi ɗaya ne a ƙafar Baba. Na hagun ya maƙale a ƙarƙashin kuloci. Ya tako tsakuwa mai zafin da ko akuya ba ta tsayawa a kai, ya bi ta kan fasasshen kwalba, duk inda ya ɗaga ƙafar sai ta bar jini. Yana ta faɗa bai sani ba.

Ya ga idanun mutane, ya bi su da kallo har ƙasa. Maganar ta tsaya masa a baki. Ya ɗaga ƙafar ya sake dire ta. Ya ƙara dire ta da ƙarfi. Wani ya kawo benci, ya zauna a hankali.

Na ciro takalmin na zo na durƙusa a gabansa. Na kama ƙafar zan cire kwalbar, ita ce ranar farko da hannuna ya taɓa jikinsa in ba a musafaha ba. Sanyi ƙalau take a cikin wannan rana. Yankan kwalbar ƙarami ne. A gefensa, ƙarƙashin babban yatsa, akwai wani tsohon gyambo mai zurfi, bakinsa ya yi baƙi, baƙin kuma ya fara hawa yatsan.

Baba ya yi ƙoƙarin lanƙwaso ƙafar ya gani, bayansa bai bar shi ba.

"Malam," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Me ka gani a wurin?"

Na waiga. Babu taubashi, babu mai gareji, babu ɗansa ko ɗaya. Na ɗaga kai na gaya masa duka, da gyambon, da baƙin, da faifan da ya yi ta ƙonewa.

Da na gama, ya dube ni.

"Wa kuma ya sani?"

"Kowa, Baba."

Ya dubi tsohuwar mai fura, tana tattara fasasshiyar ƙwaryarta.

"Kowa," ya ce. "Kuka bar ni ina ɗaukar 'ya'yan mutane."