Hankaka da Rumbu Arba'in

A Ketare, in sanyi ya shigo, kakarmu Iya Hajjo kan hura wuta da karan dawa bayan sallar isha, mu zagaye ta. Tatsuniyarta ba ta sauri, ni kuwa ba ni da haƙuri. Akwai ta wani manomi mai rumbu arba'in da ya ɗauki hankaka gadi. Sai Iya ta bi rumbunan ɗaya bayan ɗaya, wannan na gero, wancan na maiwa, har in ƙosa.

"Iya, tsallake mana, ki kai mu ƙarshe."

"Ji min miji! Tuwona ma haka kake zuba masa loma ba numfashi. Zauna."

Shi dai hankakan nan gani ya yi sauka kan kowane rumbu ɓata lokaci ne. Sai ya riƙa shawagi ɗaya ta sama, ya dawo ya ce jinka duk lafiya lau. Ashe gara ta ƙasa take ci. Ranar da aka buɗe na talatin da bakwai, ƙasa aka tarar maimakon gero.

Yau aikina duba hotunan gonaki ne a kwamfuta, a wani ofis a Ƙanƙara, don mu gargaɗi manoma in cuta ta ɓulla. Jirgi marar matuƙi ke ɗauko su daga sama, dubbai, manhajarmu ta jera su kan taswira. A da, sai kowane hoto ya buɗe cikakke kafin ka wuce, kana zaune kamar mai jiran ruwa ya tafasa. Ni na gyara manhajar. Na sa tana nuna ƙananan hotuna marasa nauyi, babban sai ka danna. Aka yi ta yaba mini, kaina ya kumbura. Wata rana, gonakin Yargoje har na Daudawa na duba kafin azahar, ban danna ko ɗaya ba.

Bayan mako uku wani dattijo, Malam Sule na Yargoje, ya zo da ganyen masara a aljihu, tsutsa ta mai da shi rariya.

"Ɗana, an ce injinku na gani kafin ido ya gani. Da na ji shiru, ban yi feshi ba."

Na buɗe hoton gonarsa cikakke. Ga tabon ɓarnar nan rawaya a kusurwar gabas, tun ranar farko. Wallahi na kasa ɗaga kai. Na ce masa, "Baba, laifina ne, ba na inji ba." Ya ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, ya mayar da ganyensa aljihu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban warware gyaran ba, yana da amfaninsa. Amma yanzu kowace gona sai na sauka a kanta. Iya kuwa ta rasu ban taɓa sauraron rumbunanta har arba'in ba.