Gogen Hagu na Léontine Wathelet

Mu mutanen Liège muna da saurin yabon baiwa da nawar yabon haƙuri. A ganina kuskure ne, domin baiwa kyauta ce, haƙuri kuwa aiki ne, kuma aiki ya fi cancantar lada. Dalilin da ya sa na rubuta labarin maƙwabciyata Léontine Wathelet ke nan.

'Yar mahaƙin kwal ce daga Seraing, a gefen garinmu. Ta koyi goge a hannun Malam Dethier, wanda silsilar malamansa ta kai ga manyan gwanayen da suka ɗaukaka sunan garinmu. Duk da haka ba ta yi fice ba. Kujera ta samu a layin baya na ƙungiyar makaɗan gari, ta zauna a kai shekara da shekaru ba tare da wani ya san muryar gogenta ba.

Tana dab da shekara arba'in, ƙofar jirgin ƙasa ta datse mata hannun hagu, yatsu biyu suka sandare. Hukuncin a fili yake: hagu ke danna tsirkiya, dama ke jan baka, yatsan da ba ya lanƙwasuwa kuwa ba ya danna komai. Kowa ya ɗauka ta gama kiɗa a gaban jama'a. Ita sai ta lura cewa yatsan da ya kasa dannawa bai kasa riƙe baka ba. Da wannan hujja ta je wurin tsoho Pirotte, mai gyaran goge.

"Baba Pirotte, juya mini gogen nan za ka yi, in danna da dama, in ja baka da hagu."

"Madam, goge ba safa ba ne. Sai na farke cikinsa, na ɗauke katakon da ke tokare da shi na mayar ɗaya gefen. Yana iya mutuwa a hannuna."

"A akwatinsa ma mutuwa yake yi. Farke shi."

Ya farke, gogen ya rayu. Sai ta koma ɗaliba, kunnenta na gwana, hannunta na jariri. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, don haka ni shaida ne cewa shekarar farko azaba ce. Mijinta Firmin, direban bas, yakan leƙo da kofi a hannu.

"Léo, kyanwar nan da kike yankawa, rai nawa gare ta?"

"Sha kofinka, Firmin. Kai ma da kukan birki kake ciyar da mu."

Da hannun ya faɗa, ta koma neman kujerarta. Shugaban makaɗa, Malam Hubin, ya bar ta ta zauna a gwaji. Masu goge biyu-biyu suke zama a gaban takardar kiɗa ɗaya, bakunansu na tafiya gefe guda kamar ciyawa a iska. Nata kuwa ya nufi kishiyar hanya. Kafin a yi nisa, abokin zamanta Gaspard ya kauce da fuskarsa.

"Madam, ido biyu kacal Allah ya ba ni, kuma ina son su duka."

Aka yi dariya, har da ita. Malam Hubin bai yi ba. Ya ce, "Kiɗanki ya dawo, amma layi ba zai ɗauke ki ba."

Mutane sun kira shi mai taurin zuciya. Ban yarda da su ba. An naɗa shi ne ya kare jituwar layi, kuma da ya bar ta a layin don tausayi, da ya zalunci Gaspard, ya kuma raina ta. Gaskiyarsa ce ta nuna mata ƙofar da ta rage: kiɗan da ba ya bukatar maƙwabci, wato na goge shi kaɗai, wanda manyan gwanaye suka bari gado, inda goge ɗaya ke magana da murya biyu ko uku babu mai rufa masa asiri. Abin da ta ji tsoronsa tana da yatsu goma, shi ta tunkara da takwas.

Limamin cocin unguwarmu ya ba ta damar yin kiɗa a cocin wata ranar Lahadi bayan ibada. Matan mahaƙa suka zo, da direbobin bas, da makaɗan ƙungiya. Yawancinsu tausayi ya kawo su, kuma babu mai sauraro mafi muni irin mai tausayi. Ta tsaya ita kaɗai, ta ja baka. Muryar ƙasa ta kafa tushe, ta sama ta hau kanta, wata ta uku ta ratsa tsakani, kowace da numfashinta. Na ga fuskoki sun daina kallon hannunta. Da ta sauke baka, makaɗan suka fara buga ƙafa a daɓe, yabon da ba sa yi wa kowa sai nasu, jama'a suka miƙe tsaye.

Malam Hubin ya tako har gabanta, hularsa a hannu.

"Madam Wathelet, a layi dai babu wurinki. Amma gaban layi fili ne. Za ki zo ki tsaya mana?"

"Zan zo, Malam. Sai dai a damanka zan tsaya, domin gogena a juye yake, in ba haka ba bango zai yi wa magana, ba jama'a ba."

Da damina ta kewayo, a can ta tsaya, a gefen da ba a saba ganin mai goge ba, ƙungiya duka tana bin bakanta.