Akwatin Aƙilu

Aƙilu bai yi lekwal ba, wato makarantar boko, amma akwai kalmar Faransanci guda da ya riƙe ƙam har ta zame masa suna. A ƙauyensu da ke kan tudu gabas da Keita, in ka ce Aƙilu sai a tambaye ka wanne, in ka ce Egalite kuwa ko makaho zai kai ka gidan. Ma'anarta wai kowa daidai da kowa. A Abijan ya tsinto ta, inda ya yi gadin gidan wani attajiri bayan yunwar saba'in da uku ta kori mazan yankinsu na Adar zuwa bakin teku.

Abin da ya fi ci masa rai a gidan nan kare ne. Kare yana cin nama safe da yamma, ana yi masa wanka da sabulu, ran da ya ƙi abinci a sa shi mota a kai shi likita. Shi kuwa mai gadi, garin rogo da ruwan famfo. Karen nan bai taɓa fita daga bakin Aƙilu ba. A wurin suna ko zaman makoki, da ya samu fili sai ya jawo kare, daga kare ya faɗa kan masu kuɗi, daga masu kuɗi ya sauka kan Alhaji Lurwanu, mai rumbunan da suka fi na kowa a garin. Kuma gaskiya yake faɗa, abin haushin ke nan.

To, a ƙauyen akwai al'ada. Ɗan cirani in ya dawo ba a tambayarsa abin da ya samo, akwatinsa ake kallo. Gari kan fito tasha a ga maza nawa za su sauke shi daga kan kamiyo, babbar motar kaya. Wanda yaro ya ɗauki nasa da hannu guda ya shiga uku, har shekara ta zagayo ana yi masa dariya a bakin rijiya.

Aƙilu kuwa bai dawo da komai ba. Ciwo ya kwantar da shi a Abijan, attajiri ya sallame shi, ɗan abin da ya tara magani ya cinye. Da ya iso Madawa yana jiran motar Keita sai kunya ta kama shi tun bai ga kowa ba. Mutumin da ke zagin masu neman girma ya shiga kasuwa ya sayi tsohon akwatin ƙarfe, ya gangara ƙorama ya cika shi da duwatsu masu sulɓi, ya cusa tsummoki don kada su yi ƙara. A sama ya ɗora sabulu, ɗan goro, da turmin atamfa guda na matarsa Zali. Har ƙarin kuɗi aparanti, yaron mota, ya karɓa saboda nauyi, Aƙilu ya biya yana cije baki.

Ran da ya sauka, maza huɗu suka kama akwatin suna nishi. Ɗaya daga ciki Bawa ne, abokinsa tun suna kiwon awaki, mutum mai sauƙin hali da saurin yarda. Bawa ya yi sati wuyansa ba ya juyuwa, amma yana yawo da shi a karkace yana alfahari, wai arzikin abokinsa ne ya murɗe shi.

Aƙilu ya raba goro da sabulu ya datse kwaɗo. Da mutane suka fara zuba ido, sai bakinsa ya ƙara jawo masa.

"Ni ba awa Alhaji nike ba," in ji shi. "Na aje shi don ranar wuya. Ran da gari yash shiga matsi, in buɗe, kowa shi samu daidai."

Aka yi ta sa masa albarka. Zali kaɗai ba ta ce amin ba, don tun kwana na biyu ta samo makulli a aljihun rigarsa.

"Maigida," ta ce, "dutsi munka rasa garin ga, har kab biya mota kak kawo muna na Madawa?"

Da gaskiyarta kuwa, don a Keita dutse ne kaɗai abin da bai taɓa yankewa ba. Ta rufa masa asiri, amma daga ranar ta samu linzami. Da ya ɗaga mata murya sai ta dubi akwati ta ce, "In buɗe?" Nan take maigida zai tuna yana da uzuri a waje.

Shekaru suka yi ta tafiya, akwati yana aikinsa. A wurin suna ana shimfiɗa wa Aƙilu tabarma kusa da ta Alhaji, a ajiye masa tsoka mai kyau. Yakan ci yana zagin masu cin tsoka. In ya kama hanyar gida shi kaɗai sai ya ce wa kansa, "Kai dai Aƙilu Allah shi shirye ka, kare ma bai yi ƙarya ba kahin a ba shi nama." Ya yi dariya, gobe ya koma kan tabarmar, don ta yi masa daɗi.

Sai damanar tamanin da huɗu ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Da kaka maza suka watse, wasu Legas, wasu Abijan, gari ya koma na mata da tsofaffi. A bayan gari aka fara aikin furoje na agaji, ana jera duwatsu a gangaren tudu don su tare ruwa, a biya mutane da hatsi da mai. Mata suka cika wurin da daro a kai. Zali ma tana zuwa, da abin da take kawowa gidan ke rayuwa. Aƙilu bai je ba. Mai akwati ya ɗauki dutse cikin mata? Yana zaune gindin itacen bedi yana bayani kan yadda duniya ta karkace.

Wani hantsi Bawa ya yi sallama. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai zauna ba.

"Egalite, ranar da kaka hwaɗi ta zo. Jiya matata Cima ta share gindin rumbu, ga ta da tsohon ciki, ba ta iya ɗaukar dutsi. Ɗiyana dussa sunka ci. Buɗe akwatin ga."

Aƙilu ya ce makulli ya ɓace. Ya ce a jira a ga watan gobe. Ya ce ai wuyar ba ta kai wuya ba tukuna. Yana magana yana jin kunyar muryarsa.

Bawa ya dube shi. "Alhaji ko bai ba ni ba, bai taɓa ce mani abokina ba," ya ce, ya juya zai fita.

Nan Aƙilu ya ga abin da zai rasa, ya kuma ji tsoro irin wanda bai ji ba ko lokacin da yake kwance a Abijan. Ya riƙo rigar Bawa ya ja shi ɗaki. Ya buɗe kwaɗon, ya ɗaga murfi, ya yaye tsummoki.

Bawa ya durƙusa ya ɗauki dutse guda ya jujjuya shi. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi yana dafe wuya har hawaye suka zubo. Aƙilu ya fara taya shi, a zatonsa an wuce wurin. Dariyar Bawa ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba.

"Da maza sunka tahi Legas, Cima ta ce in bi su," ya ce a hankali. "Nic ce mata ina za ni, abokina na da akwati?"



Washegari da rana tsaka gari ya ga abin kallo. Aƙilu ya jawo akwatin ƙofar gida ya bar shi a buɗe, ya ari daron Zali, ya rinƙa lodin duwatsun Madawa yana kai su wurin aiki ta tsakiyar gari, sahu bayan sahu. Mata suka yi masa guɗa, suka yi masa waƙa nan take. Shi ma bai bar su su kaɗai ba, ya ce su shaida shi ne attajirin farko da ya kwashe dukiyarsa kaf ya ba gari. Bawa ma ya zo ya shiga layi. Ran rabon hatsi aka auna wa kowa da kwano guda, ba babba ba ƙarami, Aƙilu ya ce ga egalite ta iso, sai da kowa ya tsiyace ta samu hanya. Nasa rabon ya kai gidan Cima ya juye a ƙwarya bai tsaya jin godiya ba.

Sun tsallake shekarar da ƙyar. A jerin duwatsun da ke gangaren tudu akwai wasu masu sulɓi da ba su yi kama da sauran ba, in baƙo ya zo Aƙilu da kansa yake kai shi ya nuna masa, ya ba da labarin yana ƙyaƙyata dariya. Gari ya ci gaba da kiransa Egalite, yanzu da zolaya, bai damu ba. Bawa ne kaɗai ya daina. Suna gaisawa, suna zama tabarma guda, suna cin tuwo akushi guda, amma tun daga ranar akwati Aƙilu kawai yake ce masa. Duk safiya in ya ji sallamar Bawa a ƙofa sai ya kasa kunne, ko yau zai ji tsohon sunan.