Ɗaya Na Danna, Doña Herminia

Daga Allah muke, kuma kowa da ranar komawarsa. Da asubahin Talata, 14 ga watan Oktoba, Ubangiji Ya karɓi ran Doña Herminia Zepeda a gidanta da ke nan garin Wapato, tana da shekara sittin da uku. A zaune aka same ta a kujerar kicin, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Likita ya ce zuciya ce. Yau kwana takwas ke nan na kasa zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta, ko na samu sauƙi.

Doña Herminia, tun da ba wanda ya shaida miki yadda safiyar nan ta kasance, ni zan faɗa miki. Ƙarfe huɗu da rabi saƙon ofishin dillalan ma'aikata ya shigo wayoyinmu kamar kullum: akwai aiki yau a siton tuffa, mai zuwa ya danna ɗaya, wanda ba zai zo ba ya danna biyu. Na danna ɗaya, ke ma kin danna. Na fita bakin titi ina jiran motarki har biyar da kwata. Na kira ki sau shida, kuma ba zan ɓoye miki ba, na yi miki tsaki. Na ce tsohuwar nan yau ta ga dama ta sa ni makara. Wata mota na tare na tafi. Sai a hutun ƙarfe goma 'yarki Nereida ta kira ni. Na ajiye waya, na wanke hannu, na koma kan layi na ƙarasa aikin ranar, domin a ranar ina kwana na tamanin da shida.

Kin fi kowa sanin wannan lissafi. Mu 'yan wucin gadi shuɗiyar hula muke sawa, ma'aikatan dindindin kuma fara. Wanda ya amsa kira sau casa'in a jere cikin kaka ɗaya, bai danna biyu ko sau ɗaya ba, sai a ba shi farar hula. Ba kowace kaka ce kiran ke kaiwa casa'in ba, shi ya sa ke ma shuɗiya ce a kanki har kika rasu. Mai farar hula yana da aiki har cikin hunturu, lokacin da mu ake sallamarmu mu koma gida mu zuba wa waya ido, kuma yana da katin asibiti shi da iyalinsa. Ni da yara biyu, ƙaramar tana fama da asma, babu abin da nake nema a duniya kamar hular nan.

Shekara bakwai da suka wuce na fara shiga siton, ban san hagu ba ban san dama ba. Na zo da 'yan kunne da zobe da jan farce, kamar mai zuwa biki. Kika tare ni a ƙofar ɗakin canja kaya, kika dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, amarya muke jira ko mai tsintar tuffa? Cire su tun kafin shugabar layi ta gan ki ta mayar da ke gida."

Kika zuba su a aljihunki, kika ba ni safar hannu daga jakarki, don kullum da guda biyu kike zuwa. Ranar na yi amai sau biyu saboda kallon bel ɗin injin yana gudu da tuffa. Kika ce in daina bin tuffa da ido, in kafe idona wuri ɗaya in bar su su zo su same ni. Har yau haka nake yi.

Sauran duk a mota kika koya mini, tsakanin Wapato da sito, kina tuƙi kina faɗa. In riga shugabar layi isa, ko da minti goma ne. In koyi naɗe kwali da liƙa takarda da jera kaya a ɗakin sanyi, domin ranar da aka rage mutane, mai sana'a ɗaya ake fara sallama. In san sunan mai tuƙa motar ɗaga kaya, in gaishe shi, don shi ke fara jin ko gobe akwai aiki. Kada in taɓa cewa na gaji a kusa da mai farar hula. Kuma sama da komai, kada in danna biyu. Kin ce na'urar ofis ba ta san zazzaɓi ba, ba ta san biki ba, ɗaya da biyu kawai ta sani. Sau nawa na ce miki kin cika tsanani? Sai ki ce tsananin ne ya sa shekara goma sha bakwai sunanki bai taɓa sauka daga saman jerin waɗanda ake kira ba.

Ba faɗa kaɗai kika iya ba. Duk Juma'a kina zuwa da kwanon tamal, mai kama da alale, na masara da naman alade da jan barkono, ki ajiye a tsakiyar tebur, ki ce wanda ya ci biyu ya wanke kwano. Babu Juma'ar da ba a yi rigima kan wa ya ci biyu ba. Da aka kawo wasu mata uku 'yan Guatemala da ba sa jin Sifaniyanci sosai, da hannu da ido kika koya musu aikin cikin mako guda, kuna ta dariyar juna.

Sannan ga abin da ba zan manta ba. Shekara huɗu ke nan da mijina Rosendo ya rasu, farkon Oktoba. Ranar jana'izarsa tun kafin gari ya waye kika shigo gidana da tukwanenki. Kika yi wa yara wanka, kika dafa wa mutum sittin abinci, kika riƙe ni a bakin kabari. Ko a cikin wannan hali sai da na tambaye ki aiki fa. Kika ce, "Yau ba su kira ni ba." Na yarda, ban sake tunanin maganar ba.

To, Doña Herminia, aka sa jana'izarki ranar Asabar, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe. Ranar ita ce kwanana na casa'in. Na je ofis ranar Alhamis na roƙi yarinyar da ke kan tebur. Ta tausaya mini da gaske, amma ta ce ba ita ke lissafin ba, in na danna biyu sai in sake daga farko a baɗi. A nan ma na nuna mata saƙon da ya shigo wayarki ranar Laraba, wanda Nereida ta turo mini: wai an cire sunanki daga jeri saboda kin amsa za ki zo kuma ba ki zo ba. Wallahi da na karanta shi takaici ne ya kama ni. Shekara goma sha bakwai! Yarinyar ta ba ni haƙuri har da hawaye, ta duba na'urarta, ta ce dalili biyu ne kawai za ta iya zaɓa, ko an kore ki ko kin bar aiki da kanki. Na ce ta sa kin bari da kanki.

Asabar da asuba saƙo ya shigo. Na riƙe waya na yi ta zagaye kicin, in je taga in dawo, baƙar rigata a rataye, shuɗiyar hulata a kan tebur. Na ce a raina da kina nan da kin ce in bar shirme in tafi aiki. Muryarki na ara na ba kaina izini. Na danna ɗaya. Lokacin da ake saka ki a ƙasa ina tsaye ina ware tuffa mai tabo daga mai kyau. Ƙarfe uku shugabar layi ta miƙo mini farar hula a leda, mata suka tafa mini.

Daga sito na wuce gidanki, ana shirin fara addu'ar kwana tara. Na sami mijinki Don Evaristo a baranda, na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce koyarwarki na bi, ke da ba ki taɓa danna biyu ba. Ya ɗago ya dube ni. Ba da faɗa ya yi maganar ba, ina jin ma ya ɗauka na sani.

"Sau ɗaya ta danna, Leocadia. Ranar da aka binne Rosendo. Tana kwana na tamanin da takwas. Na ce mata saura biyu fa, ta ce hula ba za ta riƙe ki a bakin kabari ba."

Farkon Oktoba, tsakiyar kakar tuffa, lokacin da ko gurgu aka samu ɗauka ake yi, wai ba su kira ki ba. Yaya aka yi na yarda? Ni da na san aikin nan ciki da waje, shekara huɗu ban zauna na yi wannan tunani ba. Daga shekarar kuma kika doshi sittin, suka koma kiranki kwana uku ko huɗu a mako, casa'in ba ta sake haɗuwa a kaka ɗaya ba. Kuma na san kina raba ƙwayar maganin hawan jini gida biyu don ta kai ki ƙarshen wata. Da kina da katin asibitin nan, ko da likita ya ga zuciyar da wuri? Ban sani ba. Na tambayi Nereida, ta ce in daina azabtar da kaina. Na kasa dainawa. Ina jin kunya, ina kuma jin haushinki, don kin koya mini komai na aikin nan kika ɓoye mini wannan guda ɗaya.

Hular tana kaina tun Litinin. Ta yi mini daidai, katin asibitin ƙaramar kuma an ce yana hanya, ba zan yi ƙaryar cewa ban ji daɗin hakan ba. Masu farar hula ba a turo musu saƙo, amma huɗu da rabi idona ke buɗewa, hannuna ya kai kan waya.

Allah Ya jiƙanki, Doña Herminia, Ya gafarta miki, Ya ba ki hutun da ba ki taɓa ba kanki ba. Ya haskaka makwancinki, Ya karɓe ki cikin bayinSa na gari. Ina miƙa ta'aziyyata ga Don Evaristo, da Nereida da 'ya'yanta, da 'yan'uwanki da ke can gida Michoacán waɗanda ba su samu zuwa ba, da duk masu shuɗiyar hula da suka ci daga kwanonki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.

Addu'ar kwana tara za ta cika ranar Lahadi, kuma Litinin da safe za a ɗauki gicciye a kai kabarinki. Na faɗa wa shugabar layi ba zan zo ba. Ta ce sabuwar farar hula ba ta da hutu sai ta yi wata guda, in yi tunani da kyau. Na yi. Ban san abin da za su yanke ba, amma zan zo da tukwanena tun kafin gari ya waye. Idan Don Evaristo ya tambaye ni aiki fa, na san amsar da zan ba shi: yau ba su kira ni ba.